Jan Keken Kawu Ilu

Keke na uku ke nan Elijah ya jawo daga cikin rumfa, Zayyad bai hau ko ɗaya ba.

Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Elijah ɗan gwanjo ne, kayan motsa jiki yake sayarwa a bayan layin masu katifa. Ya daɗe a sana'ar, ya san mai saye ya san mai ɓata lokaci. Wannan mai shadda da makullin mota a hannu, saye ya kawo shi.

"Wannan naɗe shi ake yi, Alhaji. Ka gama, ka tura shi ƙarƙashin gado."

"Ba na son wanda ake ɓoyewa."

Ya nuna masa wani, ƙarfe ne kawai da ake ɗora tayar bayan keken gida a kai, mutum ya yi ta tuƙi yana wuri guda. Zayyad ya girgiza kai. Kekunan gidan da zai kai shi an sayar da su tuntuni.

Ba don kansa yake nema ba. Kawunsa Ilu aka sallamo daga asibiti a Kano, ciwon suga ya kayar da shi tun kafin damina. Dangi kowa ya je dubiya da abin da ya sawwaƙa. Zayyad kaɗai bai leƙa ba, har magana ta zaga Gumel: ga ɗan riƙo ya yi arziki ya manta mafari. Yau ya ƙudura zai kai nasa, kowa ya gani.

Riƙo kam an yi shi. A wancan zamani Kawu Ilu hayar keke yake bayarwa a bakin tasha. Zayyad ke wanke su, shi ke ba su iska, shi ke faci. Hawa ne dai babu. Akwai wani ja a cikinsu mai ƙararrawa. Ran da aka aiko daga Ɗanzomo cewa jikin uwarsa ya yi tsanani, shi ya roƙa aro. Kawu ko kai bai ɗaga ba.

"Allah ya hore maka ƙafafu biyu lafiyayyu. Taka."

Ya taka. Ya isa ana dawowa daga maƙabarta.

Bai taɓa tayar da zancen ba. Mutane suka ce yaro ne mai haƙuri.

Can ƙuryar rumfar Elijah, Zayyad ya hango wani keke, ja wur, dogo, da ƙaton faifan ƙarfe a gaba.

"Wancan fa?"

"Wancan bala'in nauyi gare shi. Ƙarti suka taru kafin ya sauka daga mota. Kuma ba ya wuce ƙofar ɗaki sai an kwance shi an ɗaure a ciki. In ya shiga, ya shiga ke nan."

"Shi nake so."

Elijah ba ya ɓoye aibin kaya. Ya ce feda ɗaya tana cijewa, a ba shi zuwa azahar ya gyara. Zayyad ya ce a bar ta haka, wa tsohonsa mai ciwon suga zai kai. A dai goge ƙarfen ya yi ƙyalli, a nemo ƙararrawa a ɗaura.

Elijah ya kwashe da dariya. "Keken da ba ya zuwa ko'ina, wa za a kaɗa wa ƙararrawa? To, tsohon dogo ne ko gajere? In daidaita masa sirdi."

"A da dai dogo ne."

"Tsufa ke nan, Alhaji, kowa sai ya ranƙwafa. Masu suga kuwa an ce motsa jiki rabin magani ne. Allah ya ba mu 'ya'ya irinka."

Zayyad bai nemi ragi ba.

Bayan la'asar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Kawu Ilu. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, har da limamin unguwa. Aka yi ta shigo da ƙarafa, makaniki ya zauna da sifana ya haɗa su. Zayyad da kansa ya zaɓi wurin, tsakanin gado da taga, inda in mai kwanciya ya buɗe ido shi zai fara gani.

Da keken ya tsaya cak, hira ta mutu. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Inna A'i, matar Kawu, ta ce, "Zayyadu," ta kasa ƙarasawa.

Zayyad ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya masa.

"Kawu, ga ɗan abin da ya samu. Naka ne halak malak, ba aro ba, ba haya ba. Duk lokacin da ka ga dama, ka hau."

Kyautar da aka yi a gaban jama'a ba a mayar da ita, kuma dole a gode. Tsohon ya dubi keken, ya dubi mutane. 

"Madalla," in ji shi. "Allah ya saka."

"Amin."

Zayyad ya miƙe, ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya. Sannan ya ja wa Kawu bargo a hankali, ya rufe masa dungulman gwiwoyin nan biyu, daidai inda likitocin Kano suka yanke ƙafafun.