Farin Layi a Wuyan Masunci

Haoua ta kai ƙarshen barandar ta juyo, ta kai wancan ƙarshen ta sake juyowa. Takalminta sai ƙwas-ƙwas yake a kan siminti, har mai gadi ya gaji da bin ta da ido, ya jawo mata kujera.

"Madam, ki zauna mana."

Hannu kawai ta ɗaga masa. Wane zama! Ko da igiya aka ɗaure ta, yau ba za ta zaunu ba.

Bayan ƙofar nan mai ruwan ƙasa, alƙalan gasar zane ta bana ne ke aikinsu. Duk Yamai an san su da taurin kai. Ba a yi musu waya, ba a aika musu goro, ko kai ɗan wane ne. Mutum biyar ake zaɓowa cikin masana sana'ar, a manne sunan kowane mai zane da takarda, lamba kaɗai za su gani. Zanen da ya samu hannu uku ya haye, a rataye shi wata guda a babban ɗakin nuni na Gaweye, gari ya zo ya kalla. Wanda bai samu ba kuwa, mai shi ya zo ya kwashe abinsa.

Yanzu lamba tara ce a gabansu.

Haoua ta san lamba tara kamar yunwar cikinta. Masunci ne a kwalekwale, a bakin ruwan Goudel, yana jan taru da hantsi. Ta san ɗakin da aka zana shi, da warin kananzir ɗin wanke burushi, da tagar da sai an tokare ta da sanda kafin haske ya shigo. Ta kuma san abin da ke hana ta tsayuwa wuri ɗaya: wani farin layi siriri kamar zare, wanda ya ratsa wuyan masuncin, ya ratsa wuyan balbelar da ke kan gaɓa, har kifin da ke cikin tarun bai tsira ba.

Ba kuskure ba ne. Tsohuwar ɗabi'a ce ta wasu masu zane masu tsoron Allah: ba sa cika surar abu mai rai, sai su raba kai da gangar jiki, don kada a ce sun yi gasa da Mahalicci. Amma wa zai gaya wa na cikin ɗakin? Rabinsu a Turai suka yi karatu.

Kuma babu zancen a jira baɗi. Likitan ido ya riga ya faɗi tasa, hasken da ya rage ba zai kai wata damina ba. Lamba tara ce zanen ƙarshe daga hannun mai ita, in ba a rataye ta bana ba, shi ke nan. Haoua ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake cirewa.

Can a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, masu zane sun yi gungu suna jiran sakamako, ana shayi ana gardama. Da ta leƙo sai hirar ta mutu, wani ma har ya gyara zama. Ba ta je cikinsu ba. Ta juya wajen kogi, ta ƙura wa motocin kan gadar Kennedy ido ba tare da ta ga ko ɗaya ba, sai ga ta kuma a bakin ƙofar, kunne a jikin katako. Abin kunya, mace da girmanta!

Muryoyi huɗu ke tashi a ciki. Ta Nassirou, malamin zane mai son jin kansa, ta danne sauran.

"Wannan layin fa? Hannu ne ya goce. Tsufa ko sakaci, ɗaya daga ciki."

"Amma dubi ruwan," in ji Asma'u, mai sassaƙa. "Kamar ka tsoma hannu ya jiƙe."

Haoua ta kama mariƙin ƙofar. Kalma uku ta isa, wallahi kalma uku, su gane layin nan ibada ce. Zuciyarta na cewa murɗa, tarbiyyarta na cewa kul. Doka a fili take: wanda zane ya shafa ba ya cewa uffan, ba ya ko tsayawa a ɗakin. Ta saki ƙarfen kamar ya ƙone ta, ta koma sintirinta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ɗakin ya yi tsit. Ta san shirun nan, hannuwa ake ɗagawa.

Ƙofar ta buɗe. Zakari, magatakardan gasar, ya fito yana kallon ƙasa.

"Biyu sun ɗaga, biyu sun ƙi. Bai haye ba."

"Hannu ɗaya ya rage," ta ce a hankali.

"Hannu ɗaya." Ya matso, ya rage murya. "Hajiya, da kin yi shiru kin zauna a ciki, wa zai sani? Sunan fa a rufe yake."

"Ni na sani, Zakari."

Ta gyara mayafi, ta shiga ɗakin, alƙalai huɗun suka miƙe mata. Tana kallo aka sauke masuncin aka jingina shi da bango, fuskarsa a juye.

Sannan ta zauna a kujerar tsakiya, ta shugabar alƙalai, ta ce a kawo lamba goma, tana tunanin tsohon da ke jira a Goudel, mahaifinta mai idon da ke dusashewa, wanda ya shiga gasar bai gaya mata ba, yana zaton 'yar takardar da ta rufe sunansa za ta ɓoye mata hannun da ya koya mata riƙon burushi.