Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Matakala ta uku daga sama a karye take. Ma'aikacin ya tsallake ta bai ko dubi ƙasa ba, ya bar shugabarsa a baya tana haki, tana mita a kan wanda ya gina bene hawa huɗu bai sa abin dafawa ba.

Wata ƙungiya ce ta ɗauke su aiki, su bi unguwannin birnin gida-gida, su rubuta yadda mutane ke fama tun da kaya suka yi tsada. Tambaya ashirin ce a takarda, kowace amsa da makinta. Wanda makinsa ya kai zai riƙa samun kayan abinci duk wata har shekara guda. Gurbi ɗari uku ne kacal, mabukata kuwa sai wanda ya gani. Dokoki biyu shugabar ke maimaitawa kullum kamar karatu: ma'aikaci ba ya rubuta ɗan uwansa, kuma duk mai ɗa da ke ɗaukar albashi a tsallake shi.

Albashi dai. Nasa tun goma ga wata yake yin sallama, tsakanin haya da kuɗin mota da makarantar yara uku. Sauran kwanakin kame-kame ne.

Yau ranar duba aiki ce, kuma cikin ma'aikata goma sha biyu shi ta zaɓa ta bi.

Ɗaki na tara na wata tsohuwa ne. Ya sunkuya ya shige, shugabar kuwa ta gwara goshinta da saman ƙofar. Tsohuwar ta yi musu sannu da zuwa, ta ce ma'aikata su zauna, ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ta kawo ruwa, kofin roba ga shugabar, shi kuma wani tsohon kofin ƙarfe mai lotsattsen baki.

Ɗakin ba ya ɗaukar lokaci wajen dubawa. Katifa, tabarma, risho, bokiti biyu. A bango akwai ƙusa, ƙarƙashinta wani wuri mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi na sauran haske. Kusa da taga, shatin ƙafafu huɗu a ƙasa, inda wani abu mai nauyi ya daɗe a tsaye.

Ya fara karanto tambayoyi da muryar aiki. Shekaru, sittin da takwas. Miji, ya rasu. Sau nawa ake cin abinci a rana? Ta ce sau ɗaya, da tsakar rana, don ya riƙe safe ya riƙe yamma. Biro ya tsaya a hannunsa, sai da shugabar ta yi gyaran murya ya rubuta.

Sana'a? Ɗinki ne a da. Ta ce keken ta sayar wata biyar da suka wuce, lokacin da mai gida ya ƙara haya. Ya kalli shatin nan huɗu, ya ce a ransa tsohuwar nan ta iya tsara magana. Magani fa? Ta jawo gwangwani ta buɗe. Ƙwayoyin hawan jini ne, kowace an raba ta biyu da reza, don na wata ɗaya ya kai wata biyu. Zufa ta keto masa, ga shi kuwa taga a buɗe take.

Tambaya ta goma sha bakwai ya karanta da sauri kamar mai gudun ruwa.

"Akwai ɗa ko 'ya da ke kula da ke?"

"Babu."

Ya sa hannu zai juya shafi, shugabar ta tare shi. Ta matso kusa, ta tambaya a hankali ko Baba ba ta taɓa haihuwa ba ne.

"Na haihu, 'yata. Ɗaya ya rage mini. Ya yi nisa."

Shugabar ta tambaya yaushe rabonta da shi. Tsohuwar ta ce kafin yau ɗin nan da ake magana, wata goma sha ɗaya ke nan, amma ba ta ga laifinsa ba, kowa da abin da ya dame shi. Shugabar ta karɓi takardar ta sa hannu da kanta.

A ƙasan bene ta tsaya tana gyara takalmi. Ta ce wannan ko gurbi ɗaya ya rage nata ne. Ta ce ita abin da ke ba ta haushi ɗan nan ne, yana can wani gari yana cin mai kyau, Allah ya raba mu da irinsa. Ya ce amin. Abin da ya zo nema ya samu, amma kunya ta hana shi jin daɗinsa. Ya lalubi aljihu ya ce ya manta biro a sama.

Ya tarar tsohuwar ta ɗaga katifa ta ciro wani hoto tana goge shi da bakin mayafi. Ya tura ƙofa, ya rage murya. Ya ce komai ya tafi daidai, sunanta ya shiga. Sai dai zancen cin abinci sau ɗaya da raba magani ya so ya yi yawa, ba haka suka shirya a waya ba. Keken kuma a ɗakin wa ta ɓoye shi, ya sa a dawo mata da shi kafin yamma?

Ta miƙa hannu ta mayar da hoton kan ƙusa, wani saurayi cikin rigar kammala karatu, yana dariya. Sannan ta juyo, karo na farko a ranar ta dube shi cikin ido.

"Auta, ina ganinka a ƙofa duk abin da ka koya mini ya gudu daga kaina. Gaskiya kawai na faɗa."