Tabon da Ba Shi Ya Zana Ba

"Yau ba ciwo za ka zana mini ba, oga. Goge mini wannan."

Mai zanen fuskokin 'yan fim ya ɗago kai. Tsohon abokin aikinsa ne, ɗan wasan fim daga unguwar Kabong, wanda rabonsa da wannan unguwar tun rikicin da ya raba garin gida biyu. Tabon adda ya ratsa kuncinsa har haɓa.

A kan wannan kuncin mai zanen ya ƙware. Da auduga da ƙaro yake gina rauni, ya dafa zoɓo da sitaci su zama jini, a kwashi kyamara sai ramukan haƙar kuza na Rayfield. Abokin ya faɗi matacce, ya tashi yana lasar jinin yana ƙorafin sukari ya yi kaɗan. A wancan lokacin jini wasa ne, kafin mutane su zubar da na gaske, ba kunya ba tsoron Allah. Tun daga rikicin mai zanen bai sake buɗe akwatin kayansa ba.

"Yau ne auren 'yata a coci," in ji abokin. "Za a ɗauke mu hoto. Ba na so ta rataye wannan hoton a bangonta."

Mai zanen ya jawo akwatin. Ya cike tabon, ya haɗa launi, ya shafa. Da ya ɗaga madubi, sai ga fuskar da, ta zamanin da suke cin tuwo kwano ɗaya.

"Kada ka kuskura ka yi kuka," in ji mai zanen da kakkausar murya. "Ruwa na wanke shi."

Shi kuwa da babu fenti a tasa fuskar, sai ya juya baya ya bar nasa hawayen suka zubo.