Fasinjojin Tsakar Rana

Da jan biro Babban Sakatare ya soke babin ƙarshe na rahoton, ya tura wa jami'ar ƙididdiga takardun ko ɗago kai bai yi ba.

Ma'aikatar sufuri ta riga ta yanke shawara: za a janye motocin gwamnati masu zirga-zirgar tsakar rana, a ƙara su a layin safe da na yamma. Hujjar a fili take, na'urar karanta katin wata, wato tikitin hawa na wata guda, ta nuna kusan babu mai hawa a lokacin. Babin nan ne ya kawo cikas. Jami'ar da abokan aikinta sun bar sanyin ofis sun hau motocin, suka ƙirga kawuna, maza daban mata daban. Ashe katin wata masu albashi ke saye, yawancinsu maza. Matan kuɗin hannu suke miƙa wa kwandasta, don haka na'urar ba ta taɓa ganinsu ba.

"Gobe a gaban kwamitin majalisa, abin da aka tambaye ki kawai za ki amsa," in ji shi. "Kika ƙara ko kalma ɗaya, ki nemi wani aikin."

"Abin da aka tambaye ni kawai, ranka ya daɗe."

Ladabin ya burge shi. Bai san komai a kanta ba, ban da cewa ta iya lissafi kuma takalminta kullum da ƙasa. Bai taɓa ganin dalilin tambaya ba.

Dokar kwamitin ce ta sa shi wannan taka-tsantsan. Duk abin da shaida ya faɗa, magatakarda ya rubuta, dole ma'aikata ta ba da amsarsa kafin a amince da kasafinta. Abin da ba a furta ba kuwa tamkar babu shi ne, kuma minista ya riga ya ji alkawari daga bakinsa cewa babu.

Washegari zaman ya fara lami lafiya. An tambayi tayoyi, an tambayi mai. Babban Sakatare har ya soma tattara takardunsa, sai wani tsoho a ƙarshen teburin ya buga sandarsa a ƙasa. Kunama 'yan jarida ke ce masa. Ya fi kowa daɗewa a majalisar, kuma daraktocin da harshensa ya sa gumi ba su ƙirguwa.

"Wannan 'yar mitsitsiyar me aka kawo ta yi? Ke yarinya, an ce kin ɓata watanni kina yawo a mota da kuɗin gwamnati. Wa ke hawa da rana tsaka, aljanu?"

Aka yi dariya. Babban Sakatare ya gyara zama, yana jin daɗi. Wanda Kunama ya harba ba ya sake buɗe baki.

Jami'ar ta miƙe. Ta ɗan matsa ta ɓangaren daman tsohon, ta ɗaga murya.

"Mutane ne, ranka ya daɗe. Cikin kowane fasinja goma, bakwai mata ne."

Alƙalamin magatakarda ya motsa.

"Mata! Gantali za su, ko gulma?"

"Fiye da rabinsu kasuwa za su da kayan sayarwa a kai. Wasu makaranta, ɗauko yara. Gulmar ba mu samu adadinta ba, wataƙila masu katin wata suka riƙe ta."

Wannan karon dariyar ta fi ƙarfi, kuma ba da ita ake yi ba. Babban Sakatare ya kafe ta da ido, irin kallon da ke sa ƙananan ma'aikata haɗiye magana. Ta dube shi ido cikin ido.

"Tambayata aka yi, ranka ya daɗe."

Tsohon ya ɗaga kai yana kallon rufi, leɓɓansa na motsi kamar ɗan makarantar da hadda ta kufce wa. Sai ya sake kai hari. In an janye motocin, ba sai su taka da ƙafa ba? Ta faɗi nisan. To su hau na haya mana? Ta faɗi abin da na haya zai ci daga ribar mai talla. Me ya sa na'urar gwamnati, mai tsada, ba ta gan su ba, sai ita mai ido huɗu? Ta yi bayanin katin wata dalla-dalla. Tari ya sarƙe tsohon, kafin masinja ya motsa ta riga ta tura masa ruwa.

Zufa ta jiƙa wuyan rigar Babban Sakatare. Babin da ya soke yana shiga littafin majalisa sakin layi bayan sakin layi, a jere, daga bakin da ya rufe da kansa. Kuma ba ta ƙara ko kalma a kan abin da aka tambaye ta ba.

"Na gaji da ita," in ji Kunama, ya jingina.

Jami'ar ta ci gaba da tsayuwa, tana kallonsa kamar mai jiran saura. Da ta ga ba zai ƙara ba, ta zauna. Shugaban kwamiti ya dakatar da batun janye motocin har sai ma'aikata ta kawo amsa a rubuce.

Bayan an watse, Babban Sakatare ya nufi ofishin tsohon. In mai harbi ya yarda zolaya yake yi, ƙila a roƙi magatakarda ya share. Ya tarar da ƙofar a buɗe kaɗan, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai hannun ya tsaya a iska.

Tsohon na kishingiɗe yana ƙyalƙyala dariya. Jami'ar na durƙushe a gabansa tana zare masa takalmi, bakinta daidai kunnensa na dama, wanda ke ji.

"Haba Kaka! Duk bitar da na yi ta yi maka a tsakar gida, sai da ka tsallake tambayar masu zuwa asibiti!"