Karen da Ya Saba da Siminti

Ga wani misali, ka saurara da kyau.

An yi wani mutum mai kiwon tumaki, gidansa ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. A damina ɗaya ɓarayi suka haura masa sau biyu, suka tafi da raguna uku. Sai wani abokinsa direba ya kawo masa kare daga birni, ya ce na wani ma'aikaci ne da aka canja wa wurin aiki, ya rasa inda zai kai shi. Karen babba ne, ja, ya kai shekara biyar, in ya yi haushi har ƙauyen gaba ana ji. Tun da ya zo ba wanda ya sake taɓa katangar gidan.

Aibinsa ɗaya ne. Mutumin yana da daɓen siminti a ƙofar ɗakinsa. Nan matarsa take shanya gari da kuɓewa, nan shi ma yake shimfiɗa buzu ya yi nafila idan ɗaki ya yi zafi. To, duk faɗin gidan da jujin da ke bayansa, karen bai ga wurin fitsari da kashi ba sai kan wannan daɓe. Yakan bi mutumin kiwo tun hantsi har la'asar, ya matse cikinsa, suna shigowa gida ya wuce da sauri kan simintin ya tsuguna. Mutumin ya tsawata, ya yi jifa da takalmi, daga baya ya karyo tsumagiya. Abin da duka ya haifar shi ne karen ya daina yi a gabansa, sai ya jira ya ba da baya. In ya gama ya shige ƙarƙashin rumbu ya ɓuya. Matar ta gaji da jan ruwa a rijiya tana wanke daɓe. Ranar da karen ya sa ta zubar da garin da ta wuni tana daka, sai ta ce, "Malam, tumaki sun samu mai gadi, mu kuma mun rasa wurin salla. Ka duba wanda ya fi." Mutumin bai musa ba. A ransa ya riga ya yanke cewa karen da gangan yake yi, icen kuma ya bushe, ba zai tanƙwaru ba. Ya ƙudurta mayar da shi inda ya fito, in ɓarayi sun dawo, Allah ya kyauta.

Ranar kasuwa ya shiga birni, ya nemi gidan ma'aikacin don ya ji ko akwai mai karɓa. Bai tarar da kowa ba sai wani dattijo mai gadi. Da ya faɗa masa abin da ke tafe da shi, dattijon ya zagaya da shi baya, ya nuna masa wani kejin ƙarfe, ƙasansa siminti, tsawonsa bai wuce ƙaramar tabarma ba. Ya ce, "Nan aka sa shi tun yana kwikwiyo. Nan yake ci, nan yake kwana, nan yake komai, da safe in watsa ruwa. Sau ɗaya ya kuɓuce ya yi a cikin furannin maigida. Dukan da ya sha ranar, sai da ya kwana uku bai ci abinci ba." Mutumin ya daɗe tsaye yana kallon kejin. Ashe abin da yake dukan karen a kai, shi ne kaɗai biyayyar da aka taɓa koya masa.

Ya koma gida bai yi wa kowa dogon bayani ba. Ya ɗauko ɓallin kankare daga wani rusasshen gini a amalanke, ya ajiye a bakin juji, ya roƙi matar ta ba shi wata biyu, ya jibge ƙaya a kan daɓen. Kullum bayan asuba, da bayan karen ya ci abinci, da dawowarsu kiwo, sai ya ja shi da igiya zuwa kan ɓallin ya tsaya. Wani lokaci tsayuwar takan yi tsawo har ƙafarsa ta yi sanyi. In karen ya yi, ya jefa masa ƙanzo. Sau biyu karen ya kutsa ta gefen ƙayar ya ɓata daɓen, mutumin ya wanke da toka da hannunsa, bai ɗauki tsumagiya ba. Bayan mako biyu ya fara yayyafa ƙasa a kan ɓallin, yau tafi ɗaya, jibi tafi biyu, har ƙasa ta binne shi. Ana cikin wata na biyu ya tone ɓallin ya fitar. Karen ya zo ya shinshina wurin, ya zagaya sau uku, ya tsuguna a kan ƙasa tsura, kunnuwansa a kwance, idonsa a kan hannun mutumin. Hannun ya motsa, karen ya runtse ido, sai ga ƙanzo ya faɗo a gabansa.

To, kai ma duk wanda ya zo hannunka da girmansa, da wani hali da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kafin ka karyo tsumagiya ka je ka ga inda ya tashi. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.