Na'urar da Ta Ƙi Tsofaffin Fayafayai

Kai da kake shirin sauya kayan sana'arka, zauna ka ji abin da ya sami wani mutum. Yana da shagon buga gem, wato wasan bidiyo, a bakin tasha, shekara goma sha biyu yana tara fayafayan wasa har suka cika kwali uku. Masu zuwa wurinsa ba yara ba ne, magidanta ne, teloli da direbobi, kowa da wasan da hannunsa ya saba da shi. Rannan ya ga sabuwar na'ura a birni, hotonta garau kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya sayar da tsofaffin na'urorinsa huɗu, ya haɗa da filin da ya gada, ya ɗauko biyu. Da ya dawo ya zura faifai na farko, na'ura ta tofo shi. Ya goge shi da bakin riga ya sake zurawa, ta sake tofowa. Haka ya bi kwali ukun nan ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ashe kamfanin ya ƙera ta ne yadda ba za ta karɓi faifan da ya riga ta zuwa duniya ba.

Wani direba ya leƙo ya ce, "Maigida, ina ƙwallon tamu?" Ya ce, "Ga sabuwa, ta fi kyau." Direba ya taɓa kaɗan, ya ajiye, ya fita. A tsallaken titi kuwa akwai wani mai shagon da ya sayi na'urar wani kamfani, sabuwa ita ma, amma tana cin sabon faifai tana cin tsoho. Kafin wata ya ƙare bencinan mutumin namu sun yi ƙura. Ya koma neman na'urorinsa na da, aka ce tuni an farke su an sayar da kayan cikin. Ƙarshe da kansa ya ɗauki kwalayen a ka, ya tsallaka titi, ya sayar wa maƙwabcin a arhar banza. Yanzu yana wuni a ƙofar shago, yana jiyo shewar mutanensa daga can. Ko ɗaga kai ba ya yi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.