Direban da Rana Ta Ci wa Rabin Fuska

Tunda na ga ka fara neman wanda ya yi maka asiri saboda baƙin nan da ya fito maka a kunci, zauna in ba ka misali.

An yi wani direban bas da ya shekara ashirin da biyu yana bin hanya ɗaya. Da hantsi ya ɗebi fasinja ya nufi kudu, bayan la'asar ya juyo arewa zuwa gida. Mutum ne mai son iska: gilashinsa kullum a sauke, hannun riga a naɗe, gwiwar hannun hagu a kan taga. Da ya doshi hamsin, wanzaminsa ne ya fara lura fuskar ta rabu biyu. Ɓarin dama sumul, na hagu kuwa ya yi baƙi, ya yi kaushi, ya yamushe daga gefen ido har wuya, ga tabo a kunci da bayan hannu. In ya zauna a bencin tasha, na damansa ya ce masa yaya, na hagunsa ya ce masa baba. Abokai suna dariya, shi kuwa tsoro ne ya cika shi, don bai taɓa ganin tsufan da ke cin rabin mutum ya bar rabi ba. Sai ya tafi wurin boka. Boka ya buga ƙasa, ya ce jifa ne, kuma mai jifan ta hagunsa yake zama. Ka ji aikin banza, ciwo yana hagu sai a ce maƙiyi yana hagu. To, da ma yana da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun suna yara ta hagunsa yake zama in an ajiye kwanon tuwo, ta hagunsa yake tsayawa a sahu. Direba ya daina cin abinci da shi, gaisuwarsa ma da ka yake amsawa. Ƙanin ya yi ta tambayar laifinsa, direba yana kauce masa. Ƙarshe direba ya yi magana da magini, ran Asabar a zo a ja katanga a raba gidan mahaifinsu biyu.

Ran Alhamis ya kai layar da boka ya ba shi wurin wani tsohon baduku a bakin kasuwa, a ɗinke ta da fata ya ɗaura a damtsen hagu. Baduku ya kama hannun zai auna, sai ya tsaya yana murza fatar da yatsa kamar yadda yake murza ta akuya kafin ya saya. Ya sa shi ya ja hannun rigar har kafaɗa. Inda riga ke rufewa fata lafiya lau, iyakar a miƙe kamar an ja ta da zare. Ya tambaye shi sana'arsa da inda yake dosa da safe. Sannan ya miƙe ya ciro wata jar fata da ta daɗe a rataye a bakin rumfarsa, rabi a inuwa rabi a rana. Ɓangaren inuwa yana nan da laushinsa. Na rana ya koɗe ya bushe, ana lanƙwasa shi yana tsagewa. Ya ce, "Malam, akuya ɗaya ce, kuma ba wanda ya jefe ta. Da safe kana tafiya kudu, rana tana hagunka. Da yamma ka juyo, ta riga ta zagayo tana jiran ka ta hagu. In ka ce in ɗinke layar zan ɗinke, amma riga mai dogon hannu ta fi ta amfani." Ya ƙara da cewa ya kai tabon asibiti a duba, don shi saninsa a kan fatar da aka riga aka feɗe ya tsaya.

Washegari likita ya duba, ya ce ba mugun abu ba ne, dukan rana ne, ya rubuta masa man da ake shafawa a fuska da wuya da hannu kafin a shiga rana. Direba ya fito ya zauna a dakalin asibiti ya yi ajiyar zuciya, daɗi da kunya suka haɗe masa. Kafin ya isa gida sai da ya biya wurin magini ya ce a fasa. Bayan magariba ya ɗauki kwanon tuwo da kansa ya kai ƙofar ƙaninsa, ya zauna, ya nuna masa tabarma ta hagunsa. Ya faɗi komai da bakinsa ya nemi gafara. Ƙanin ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa, ya ce daga gobe zai koma dama su ga ko fuskar za ta daidaita. Tun daga nan direba ya saki hannun riga, ya sauke gwiwa daga taga, ya rataya ƙyalle a gefen da rana ke shigowa, yana shafa man likita da safe, man kaɗanya bayan wanka. Kafin damina ta zagayo baƙin ya ragu, kaushin ya kwanta. Yamushewar ba ta tafi duka ba, don abin da rana ta ci shekara ashirin da biyu ba ta mayar da shi cif. Bai damu ba, tunda gida yana nan ba katanga.

To ka gani. Rana ƙiri-ƙiri tana dukan mutum bai gan ta ba, ya kusa yanke zumunci da ɗan'uwansa a banza. Kai ma je ka a duba kuncin nan, ka sayi malfa, ka ƙyale mutane. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.